Inji ya kori masu saye, ya bar mai zagi

Daren Asabar wata Hajiya mai saida atamfa da leshi a kasuwar Wadata da ke Yamai ta buɗe shirin bidiyo kai tsaye a intanet, kaya sun iso, mata sun cika. Kafin ta ɗaga turmi na uku, injin da aka ɗora mata don tsaron sharhi ya rufe bakin manyan masu sayenta. Laifinsu? Sun rubuta "nawa?" sau uku a jere, sun ajiye lambar waya. Wani mara kunya kuma yana can yana zagin iyayenta, harafi, ɗigo, harafi, ɗigo, har aka tashi babu abin da ya same shi.

Washegari ta je wurin yaron da ya saida mata abin.

"Ɗana, na'urar nan taka ta kore mini mutane."

Bai ɗago daga wayarsa ba. "Hajiya, ƙirƙirarriyar basira ce, ba ta kuskure."

"To wanda ya zagi mahaifiyata fa?"

"Kin ɗauki hoton allon?"

"Ina riƙe da turmi, da wane hannun zan ɗauka?"

Sai ya yi ɗan murmushi, irin na wanda ya gama boko jiya. "Ai mutanenku ne ba su iya rubutu ba. Da Faransanci suke yi da ba a ga haka ba." Ya ƙara da tuna mata kuɗin wata ya kusa. Madalla da gwani!

Duk wanda ya san aikin ya san inda gizo ke saƙar. Saƙo in ya shigo, matattara uku yake bi. Ta farko jerin kalmomin da aka haramta, tana duba harafi da harafi, shi ya sa ɗigo ɗaya ke ruɗa ta. Ta biyu tana farautar maimaici da lambobi, ta ɗauke su tallan banza. To a Nijar lambar waya alƙaluma 8 ce, kuma da ita ake ciniki, da ita ake aiko kuɗi ta Nita ko Amana. Ta uku ce ke auna zafin magana da maki daga 0 zuwa 1. Perspective, irin wannan ma'auni da Jigsaw, wani reshen Google, ta fitar a 2017, an gina shi ne kan Ingilishi, daga baya aka ƙara su Faransanci da Larabci, ba Hausa. Sai 'yan dabara su fara tura saƙon ga injin fassara, sannan a auna. "Kin kashe mu, Hajiya" ya koma barazanar kisa. Habaici kuwa ya wuce sumul, tunda babu ashar a cikinsa. Wasan taubasai da UNESCO ta karrama a 2014, inda mutum ke tsokanar abokin wasansa a yi dariya, wurin inji gaba ce.

Gyaran ma ba wani abu ba ne. A kashe matattarar lambobi, a saka "nawa" da "na ɗauka" cikin kalmomin da aka yarda da su, a sa tazarar daƙiƙa 10 tsakanin saƙonni, saƙon da ake shakka a riƙe shi maimakon gogewa, sannan a zaunar da mutum ɗaya mai jin Hausa da Zabarmanci ya yanke hukunci. YouTube da TikTok duk suna ba da damar naɗa mai tsaron sharhi, kyauta. Amma wa zai faɗa wa Hajiya haka ya rasa kuɗin wata?

Mun saba da ɗauke wuta ana tsakiyar shiri, mun saba da forfe, wato datar waya, mai ƙarewa kamar ruwa a rariya. Yanzu kuma harshenmu ne laifi. A Maris 2025 aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa, aka yi tafi. Ina rumbun rubutun Hausar Nijar da za a koya wa waɗannan injina? Wace ma'aikata ce ta taɓa kiran masu dandalin ta ce su gyara? Wajen hukunci dai ba a barci: dokar laifukan intanet ta 2019, da aka sake tsaurarawa a 2024, tana kai mai zagi ta waya gidan kaso. Masu saida wa 'yan kasuwa injin da bai jin Hausa kuwa suna nan a Yamai da shagunansu a buɗe, ba mai tambayar su ko takarda.