Alhaji Ƙanƙamo Zai Kai Iyali Faris

Alhaji: Kowa ya zauna. Ummi kashe talbijin ɗin nan, kashe fankar ma, magana za mu yi ba barci ba. Bana dogon hutun nan a ƙasar waje za mu yi shi.

Hajiya: Lafiya dai Alhaji? Ko zazzaɓin nan ne ya dawo?

Alhaji: Ras nake. Faris za mu, ta ƙasar Faransa, wajen doguwar hasumiyar ƙarfen nan.

Hajiya: Au, wato ka ga hoton da maƙwabci ya ɗora a sitatus.

Alhaji: Ni? Ina ruwana da shi, ban gani ba. Kuma hular da ya sa a hoton ma sam ba ta hau da rigar ba.

Ni dai ina gefe ina satar caji, don a gidan Yayata Hajiya sai Alhaji ya juya baya ake jona waya a soket. Inna, mahaifiyarsa, tana kan darduma tana jan carbi amma kunnenta na nan tar.

Alhaji: Kuma na samo tikiti, yuro 20 kacal mutum ɗaya. Masu cewa fita waje tsada, rashin iya bincike ne ke damunsu. Sadik karɓi wayar ka karanta musu, ba don wannan ranar nake biyan kuɗin makarantarka ba?

Sadik: Baba wannan jirgin fa daga Milan zai tashi.

Alhaji: To sai me?

Sadik: Milan a Italiya take. Sai mun fara kai kanmu can tukuna, wannan tikitin kuma daban ne, shi ne ma babban. Sannan ranar da ka zaɓa wata Talata ce a Nuwamba ƙarfe 6 na asuba. In na mayar da shi Agusta, kalli yadda kuɗin ya yi tsalle, don yaran ƙasashe da yawa lokacin suke hutu kowa kuma so yake ya fita.

Alhaji: Mayar da shi inda ka same shi! Wa ya ce ka taɓa?

Sadik: Kuma ba a cikin Faris yake sauka ba, filin Beauvais ne, kusan kilomita 85 daga garin, sai an sake biyan bas an yi sama da awa guda.

Alhaji: Ka ga riba kenan. Mun biya kuɗin gari ɗaya za mu ga biyu.

Hajiya: Akwatuna nawa ake ba kowa?

Sadik: Mama a wannan farashin babu akwati, 'yar jakar da za ta shige ƙarƙashin kujera ce kawai. Akwati kuɗi, zaɓen kujera kuɗi, ruwan sha a cikin jirgin ma kuɗi.

Wallahi nan kam ban ga laifin Alhaji da ya zabura ba. Waɗannan masu jiragen arahar su rubuta maka farashi da manyan baƙaƙe kamar sadaka za su yi, kana danna gaba ana ƙara maka wani abu, kana danna gaba ana ƙara wani, kafin ka kai shafin biya ka manta me ya kawo ka, iskar da za ka shaƙa ce kawai ba su sa wa kuɗi ba kuma ina jin suna kan shawara.

Alhaji: Ba za mu biya akwati ba. Kowa ya saka kayansa a jiki. Riga biyar biyar, wando uku uku. Ai ba sa auna mutum.

Hajiya: A Agusta?

Alhaji: Akwai sanyi a cikin jirgi.

Inna: Ni dai ba inda za ni ba tukunyata da man zafina.

Sadik: Inna a yawancin filayen jirgi abu mai ruwa-ruwa ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu, kwalbarki kuwa ta kai rabin lita.

Alhaji: Sai ta shafe shi duka kafin mu shiga layi.

Inna ta dube shi irin kallon nan da uwa ke yi wa ɗan da ta yi naƙudarsa kwana biyu. Shi kuwa ya ciro biro daga aljihu, biron da ya aro a banki tun bara.

Alhaji: Auta dai kyauta ne, a cinya za a riƙe shi.

Sadik: Na cinya sai wanda bai kai shekara 2 ba. Auta shekararsa 2 da wata 4, kujerarsa daban.

Alhaji: Wa ya ƙirga? Hajiya ki goya shi, ki sa masa hular jarirai, in an tambaya watansa 20.

Auta: Baba ni babba ne, ina zuwa makaranta.

Alhaji: Kai kuma daga yau ba ka iya magana ba sai mun sauka.

Hajiya: Fasfo fa? Ko shi ma hular jarirai za ka sa masa?

Alhaji ya yi kamar bai ji ba, ya ce a wuce maganar biza.

Sadik: Bizar Shengen ce, ƙasashe 29 take shiga. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ga duk wanda ya kai shekara 12, daga 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, ƙasa da 6 kyauta. Kai, Mama, Inna, ni da Ummi 450, Halifa 45, ya kama 495, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu.

Alhaji: Ummi ai shekararta 11.

Ummi: Baba wancan watan na cika 12, har ka ce kyautata ita ce addu'a.

Alhaji: Ke dai ba ki tashi girma ba sai da na tashi tafiya. To in sun hana bizar sai su dawo min da kuɗina ko?

Sadik: Ba sa mayarwa.

Alhaji: Ban gane ba. In biya, su ce a'a, su kuma riƙe?

Sadik: Haka tsarin yake Baba.

Falon ya yi tsit, don wannan ba abin dariya ba ne, duk wanda ya taɓa kwasar takardu ya bi layi tun duku-duku aka miƙo masa fasfo da 'yar takarda an yi wa wani akwati maki wai ba a gamsu zai dawo ba, ya san zafin. Ni sau biyu. Mu bar maganar.

Sadik: Sannan dole inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Alhaji: Innalillahi! Hajiya riƙe ni! Dubu talatin!

Sadik: Ba shi za ka biya ba, shi ne abin da za su iya kashewa in wani ya kwanta ciwo, kai kaɗan za ka bayar.

Alhaji: Ba wanda zai yi ciwo, na hana. Sai me kuma?

Sadik: Takardar banki ta watannin baya, su ga abin da ke shiga da abin da ke fita.

Hajiya: Alhamdulillahi. Kawo ni zan kai musu, ba sai ka wahala ba.

Alhaji: An fasa Faris.

Shekara 22 Yaya tana neman ganin wannan takardar, saura ƙiris Turawa su share mata hawaye.

Alhaji: Duba min Dubai. Na ji an ce otal na karyewa a Agusta.

Sadik: Yana karyewa, saboda zafi yana haura digiri 40 ga gumi, ba mai iya yawo da rana. Amma akwai dogon benen nan Burj Khalifa, mita 828.

Alhaji: Ta maƙwabci fa?

Sadik: Ifel? Mita 330.

Alhaji: Allahu Akbar, ninki biyu da rabi! Ashe a gindin 'yar ƙarama ya je yana ta washe baki.

Inna: In gasuwa nake so sai na hau jirgi? Ka kai ni inda zan sha iska.

Sadik: Akwai Kef Tawun a Afirka ta Kudu, amma can Yuli da Agusta hunturu ne, ga ruwan sama.

Alhaji: Ka ga inda riga biyar ɗin za ta yi amfani.

Hajiya: Ni fa Faris aka ce min, har na faɗa wa ƙawayena a gurup.

Alhaji: Yaushe?

Hajiya: Kana cikin lissafin Auta.

Nan fa gumi ya karyo masa, don matar maƙwabci tana cikin gurup ɗin. Aka dawo Faris ba shiri.

Alhaji: To ɗaki ɗaya za mu kama. Ni da Hajiya mu shiga ta ƙofa, sauran ku shigo ɗaya bayan ɗaya kamar kun zo gaisuwa.

Sadik: Kowane ɗaki da adadin mutanen da aka yarda su kwana, mu bakwai ne. Kuma akwai harajin kwana da ake karɓa a kan kowane babba duk dare.

Alhaji: Harajin barci? To ni ba zan yi barci ba, a zaune zan kwana, su zo su gani.

Sadik: Abin da ya fi sauƙi mu kama gida mai kicin a bayan gari kusa da tashar jirgin ƙasa, mu yi cefane a kanti mu dafa da kanmu, ya fi ɗakuna uku da cin abinci a waje sau uku araha nesa ba kusa ba.

Alhaji: Yauwa ɗan albarka! Yau na ga amfanin boko.

Hajiya: Wa zai dafa?

Shiru.

Hajiya: Wato in bar kicin ɗina, a yi min biza, in keta hazo, in je in tsaya a kicin ɗin wani Bature ina wanke-wanke, shi ne hutun? Hutun wa?

Alhaji: Ai ta taga za ki riƙa hango hasumiyar.

Sadik: Daga bayan gari ba lallai a hango ta ba.

Alhaji: Kai wai ɓangaren wa kake? Nawa ne hawanta?

Sadik: Lifta ta fi tsada, matakala ta fi araha, guda 674 zuwa hawa na biyu.

Alhaji: Matakala. Motsa jiki ne, likita ma ya ce Inna ta riƙa tattaki.

Inna: Likitan cewa ya yi daga ɗaki zuwa tsakar gida, ɗan nema.

Sadik: Gidan tarihi na Louvre kuma kyauta ne ga wanda bai kai 18 ba.

Alhaji: Shi kenan, Ummi da Halifa su shiga su kalla da kyau, mu manya mu jira a waje su fito su ba mu labari. Ummi ki tafi da littafi.

Ya duƙufa kan takarda, ya tara ya ɗebe ya sake tarawa, ya goge da yawu, ya tambayi Sadik ko kalkuletar wayar tana da lafiya, sannan ya ɗago da fuskar nan tasa ta wanda ya gano mafita.

Alhaji: Na yi nazari. Tunda Nuwamba ce mai araha, Nuwamba za a yi.

Hajiya: Yara suna makaranta a Nuwamba.

Alhaji: Ai karatu ba abin wasa ba ne, ba zan cuce su ba. Ke kuma ba kya bar su su kaɗai ba, Inna ga ƙafa. Ni zan daure in je in wakilce ku, in turo hoto.

Yaya ba ta ce uffan ba, ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji ƙarar durowa, ta fito da fasfonsa ta miƙa wa Sadik.

Sadik: Baba sai fasfo yana da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa. Naka ya mutu tun 2021.

Alhaji: Ya mutu kamar yaya? Shafi biyu kawai aka buga wa hatimi, sauran fes suke! In sabunta abin da ban cinye ba?

Inna: Ummi kunna min fankar nan.

Alhaji: A lamba ɗaya.