"Duk ɗaya ne Alhaji" ce ta kashe min injin Kanta

Yau sati uku kenan Kantata tana tsaye a gareji babu inji, har kaji sun fara kwana a ƙarƙashinta, kuma wallahi ba komai ya ja min ba sai kalmar nan ta "duk ɗaya ne Alhaji" da kanikawa da masu kayan gyara suka haddace kamar karatun allo.

Motar nan ta ɗaukar kaya ce, Mitsubishi Kanta, lambar injinta 4D34 mai turbo, da ita nake ɗaukar buhuna daga Dawanau zuwa Kazaure da Daura, ita ce cin gidana. Ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, bakanikena yace a sauke inji a yi mata aiki gaba ɗaya, nace bismillah. Aka kai karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, wajen injiniya aka goge shi aka rage kaurinsa zuwa ma'aunin 010, aka sayo mital, ƙarafan da yake juyawa a kansu, daidai da shi, wannan ban da ƙorafi a kai. Da aka zaro kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, sai ga tozo biyu sun cinye, tozon nan da ke tura tafet ya tura fushrod har bawul ya buɗe. To ai dole a canja. Nace masa oga mu nemo na Beljiyam wanda aka ciro daga inji mai lafiya, yace a'a Alhaji akwai sabo fil a kwali kuma ya fi sauƙi, wani abokinsa ke sayarwa. Abokinsa fa. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni amma mutum idan motarsa na kwance hankalinsa ma a kwance yake.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne na tambaya da bakina. Nace tafet fa, ba za a canja su tare ba? Ya ɗauki ɗaya ya goge a jikin rigarsa ya ɗaga wa rana yace lafiyarsu ƙalau, duk ɗaya ne, kar ka ɓarnatar da kuɗi. Ashe duk wanda ya san aikin ya san ba a ɗora tsohon tafet a kan sabon kamshaf, domin kowane tafet ya riga ya saba da tozon da ya daɗe yana goga, fuskarsa ta ci daidai da shi, idan ka haɗa shi da sabon tozo sai ya dinga kankare shi kamar wuƙa a kan rake. Kuma bushin kamshaf da ke cikin bulo ko taɓa su bai yi ba, ko ma'auni ban ga ya ɗauko ba, da yatsa ya leƙa.

Aka ɗaura inji, aka yi taimin, aka saita bawul, ta tashi tana ƙara mai daɗi har na ba yaran gareji na shayi. Kwana tara. Kwana tara kacal jama'a! Direbana ya kira ni daga wajen Ɗambatta yace maigida mota tana ƙas-ƙas-ƙas a sama kuma ba ta ja, lodin da take tafiya da shi a giya huɗu yanzu sai ta biyu. Bakanike yace a ƙara saita bawul ne kawai, aka saita, washegari gibin bawul ɗin ya sake buɗewa, aka sake saitawa ya sake buɗewa, to ina ƙarfen yake tafiya? Cikin baƙin mai yake tafiya mana. Da aka kwance fulogin ƙasa man ya fito yana ƙyalli kamar an zuba masa kwalli, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga sabon mital ɗina ya zazzane karanshaf ɗin da na biya kuɗin gogewa, yanzu sai an sake rage shi zuwa 020.

Na ɗauke motar na kai wa wani dattijo da ya tsufa a aikin manyan motoci. Baba bai yi dogon magana ba, magagari ya ɗauko ya goga a tozon sabon kamshaf ɗin, sai ga shi yana ci kamar ƙarfen ƙofa. Yace yaro, kamshaf na gaske an ƙona fatarsa ta yi tauri, magagari zamewa yake a kai, wannan kwalinsa ne kawai orijinal. Bai tsaya nan ba ya juya fistin ya nuna min, wai na 4D34 marar turbo aka sa min, faɗinsu ɗaya milimita 104 shi ya sa ya shiga silinda lafiya lau amma ramin kansa ba irin na mai turbo ba ne, da ma ko kamshaf bai mutu ba zafi zai cinye shi a hanya. Shi ma fistin ɗin daga shagon abokin nan ya fito, shi ma da na ga lambar kwalin ta bambanta an ce min duk ɗaya ne.

Na koma shagon da kamshaf a hannu, mutumin ya nuna min rubutun ƙasan rasit wai kayan da aka saya ba a dawowa da shi, yace ƙila bakanikenka ne bai iya ɗaurawa ba. Bakanike kuma yace kayan ne jabu shi ba shi ya ƙera ba. Sai jifa suke da ni kamar ƙwallo alhali la'adarsu tare suka raba, ni ba yaro ba ne. Tun da aka saki naira a 2023 komai na mota ya ninka, gas kansa ya isa mutum kuka, sannan a ce sai na sayi kayan inji ɗaya sau biyu cikin wata guda, ga direba da yaron mota zaune kullum sai na ba su na abinci, ga masu kaya sun koma wa wata motar.

Gobe da sassafe ni da Baba za mu shiga Ƙofar Ruwa da kanmu, lambar inji a rubuce a takarda, magagari a aljihunsa, kamshaf da tafet takwas da bushi da fistin na turbo za mu nema. Shi kuma bakanikena na farko tun ranar Talata wayarsa wai ba ta shiga, ga tsohon kamshaf ɗina na asali ma da aka cire har yau bai dawo min da shi ba.