Wai ni ne ba ni da fara'a

Ranar Talata shugabar sashenmu ta ja ni gefe a gidan kula da tsofaffin da nake aiki a nan Manchester. Wai wata tsohuwa ta ce duk abin da ta roƙe ni ina yi, amma kamar an sa ni dole. Laifina shi ne, in ta ce in miƙo mata bargo, sai in ce "okay" in miƙo. Ni kuwa "to" ɗinmu nake nufi. Shugabar, tana murmushi, ta ce in riƙa cewa "my pleasure" ko "happy to help". Wato sai na sanar cewa ɗauko bargo ya faranta min rai.

Maganar nan ta tsaya min a wuya har na shiga jirgin ƙasan cikin gari na Metrolink, ƙarfe huɗu na yamma amma gari ya yi duhu, ga yayyafin nan nasu da ba ya ƙarewa.

Mutanen nan bakinsu ba ya gajiya da jin daɗi. Ka biya kuɗin burodi a kantin Tesco, "lovely". Ka faɗa wa ma'aikaciyar banki ranar haihuwarka, "brilliant", sai ka ce jarrabawa ka ci. Mata sa'o'in innata su kira ka "love", farkon zuwana har waiwayawa nake in ga da wa ake. In za a sauka daga bas, kusan kowa sai ya gode wa direba. Wannan kam ya burge ni, ban taɓa gode wa kwandasta a Kano ba, sai dai rigimar canji.

Amma fa in Bature ya ce maka "I'd love to", dakata tukuna, akwai "amma" a bayanta. Ranar sunan ɗiyata na gayyaci abokan aiki shida. Dukansu sun ce za su so zuwa ƙwarai. Masa ta kwana, har maƙwabta suka samu rabo. Na sani, mu ma muna da "in sha Allahu" ɗin da kowa ya san ba zuwa za a yi ba. To amma wanda ya ce maka "an gama", an gama ɗin. Kuma in ka gode masa, ba zai ce ya ji daɗi ba, cewa zai yi "haba, yi wa kai ne". Ina abin faɗar jin daɗi a hidimar tsoho? Da zan ce wa Baffana "na ji daɗin kawo maka buta", kallon da zai yi min kaɗai ya isa.

Yanzu ina faɗar "my pleasure" ɗin, tunda albashi nake karɓa. Tsohuwar ma har ta fara ajiye min biskit.

Daren Juma'a na kira Inna ta WhatsApp, na kwashe labarin duka na faɗa mata. Ta yi shiru, ina jiyo kiran sallar isha'i daga masallacin layinmu a bayanta. Can ta ce, "To." Shekara huɗu rabona da gida, amma na san wane "to" ne wannan.