Ranar da Git ya tona min asiri

Kun dai san manhajar nan da ofishinmu na Jidda ke kama wa masu Umara ɗaki da mota da ita. To kafin azumi mudir, wato shugaban ofishin, ya samo wani abu mai zana tarihin aiki daga cikin Git, inda ake ajiye duk canjin da aka yi wa rubutun manhajar da sunan wanda ya yi shi, wai yana so ya ga wa ke aiki, wa ke shan shayi. Yana kunnawa sai ga sunana a sama da layi 40,000. Na biye da ni ko 5,000 bai kai ba.

Ni na san yadda aka yi. Makon da na fara aiki na buɗe fayilolin a Windows, shi kuwa alama biyu yake sawa a ƙarshen kowane layi, fayilolin namu kuma ɗaya gare su, irin tsarin Linux. Na adana na tura, Git ya ɗauka komai na goge na sake rubutawa. Amma ana yabon mutum a gaban jama'a zai ce a dakata? Na sunkuyar da kai na ce yin Allah ne. Har kazar Albaik na saya wa mutane.

Sai Sha'aban ya yi nuƙsani, manhajarmu kuwa ta ƙirga masa kwana 30. Mota guda ta mutanen Kano suka sauka a Makka da harami a jikinsu, aka ce musu ɗakinsu sai gobe.

Ran Lahadi aka tara mu, ga azumi a baki. Mudir ya haska allo ya buga git blame, wanda sunan ma ɗora laifi yake nufi. Sunana ne tun daga sama har ƙasa. Wani abokin aikinmu ɗan Damagaram yana tsaye a bayansa, duk shafin da aka ja sai ya ce "Subhanallah". Mutumin da ya ci kashi biyu na kazar nan, har ya ƙunshe na uku wai na maiɗakinsa! Riyal 50 ɗin da na ranta masa lokacin sabunta iƙama har yau ko zancensu ba ya yi, amma shi ne mai salati a kaina.

Na miƙe, na gyara hula. Na ce ranka ya daɗe, abin nan ba ya gane wanda ya rubuta layi, wanda ya taɓa shi a ƙarshe kawai yake nunawa. Na kawo tarihin Linus Torvalds da ya ƙirƙiro Git a 2005, wanda ba wanda ya tambaye ni. Na ce tun 2019 ma akwai hanyar tsallake irin wannan canji na banza, amma yanzu a ƙara -w kawai, ya daina kula da gibi da ƙarshen layi, kowa zai ga ɗansa.

Aka ƙara. Sunayen mutane suka dawo, nawa ya yi ta zubewa kamar ganyen darbejiya. Na juya na kalli ɗan Damagaram, har na fara murmushi.

Mudir ya gangara layi na 212. Sunana na nan daram. A samansa kuma ga rubutu da Hausa: "kowane wata kwana 30, zan gyara gobe in sha Allahu". Goben ta shekara biyu.

Na ce ai suna da kwanan wata duk abin da kwamfuta ta faɗa Git ke karɓa, kowa na iya sa na wani. Wannan gaskiya ce, ku tambaya.

Mudir, da yake Bahaushen Makka ne, ya dube ni ya ce, "Ɗana, Hausar ma Git ne ya rubuta?"

Ɗan Damagaram ya ce Subhanallah.

An sake zana jadawalin, yanzu ni ne na biyun ƙarshe da layi 1,900. Na tura masa saƙo kan riyal 50 ɗin nan, ya ce sai bayan Sallah.