Godzilla Minus One: masu lissafin kuɗi sun bar jaki suna dukan taiki

Tun daren da aka miƙa wa darakta Takashi Yamazaki da abokan aikinsa kyautar Oscar ta haɗa hotunan kwamfuta a watan Maris na 2024, magana ɗaya ce ke yawo a bakin masu kallo game da fim ɗinsu na Japan, Godzilla Minus One, wato arhar da aka yi shi. Duk inda ka leƙa, YouTube ko X ko Facebook, lissafi ake bugawa. An ce kamfanin Toho bai kashe fiye da dala miliyan 15 ba, mutum 35 ne suka haɗa hotunan kwamfuta, fim ɗin kuma ya tara sama da dala miliyan 100 a duniya, saboda haka Hollywood ta sha kunya. Da ya shiga Netflix a watan Yunin 2024, sababbin masu kallo suka ɗora daga inda na farko suka tsaya. Wannan yabon ya ishe ni, domin yabo ne da ke rage wa fim ɗin daraja.

Wanda ya zauna ya kalle shi da natsuwa ya san ba dodon ne ya riƙe shi a kujera ba. Labarin Koichi Shikishima ne, matuƙin jirgin kamikaze da aka tura ya je ya mutu a 1945, sai ya yi ƙaryar cewa jirginsa ya samu matsala ya sauka a tsibirin Odo. Ya koma Tokyo ya tarar unguwarsu ta zama toka, iyayensa sun mutu a ruwan bama-bamai. Maƙwabciyarsa Sumiko, wadda ita ma ta rasa 'ya'yanta, ta tsaya cikin kangon gidaje ta dube shi, ta gane cewa ya dawo da ransa, sai ta hau shi da zagi. A wurinta da ya yi abin da aka aike shi, da yaranta suna raye. Mutum ya tsira daga yaƙi, mutanensa kuma suna ganin tsirar tasa abin kunya ce. A kan wannan ciwon aka gina fim ɗin gaba ɗaya, kuma babu dalar da za ta saya maka shi.

Masu lissafi sun manta daga inda Godzilla ya fito. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini, tokarsa ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai suna Daigo Fukuryu Maru da mutum 23 a ciki. Duk suka kamu da ciwon tururin nukiliya, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya mutu a watan Satumba. Mutane suka ƙaurace wa kifi a kasuwanni saboda tsoro. A watan Nuwamban shekarar darakta Ishiro Honda ya fito da fim ɗin Godzilla na farko, shekara tara kacal bayan Hiroshima da Nagasaki. Waɗanda suka cika gidajen sinima a lokacin sun san abin da suke kallo, don da idonsu suka ga birni yana ci da wuta.

Yamazaki ya koma wannan tushen. A fim ɗinsa gwajin Bikini na 1946 ne ya mayar da dabbar abin da ta zama. Lokacin da ta shiga unguwar Ginza a Tokyo ta feso wutarta, hayaƙi ya tashi sama da siffar da kowane ɗan Japan ya sani, iska ta share gine-gine, sannan baƙin ruwan sama ya fara sauka a kan Shikishima yana durƙushe yana ihu. Baƙin ruwa irin wannan ya sauka a Hiroshima da gaske. Sai ga mai sharhi ya yanko wannan wurin ya ɗora a shafinsa, abin da kawai ya iya cewa shi ne a dubi yadda aka haɗa shi da kuɗi kaɗan. Wannan rashin kunya ce, ko da da sunan yabo aka yi ta.

Ita kanta arhar ba abin tafi ba ce yadda ake zato. Albashin ma'aikatan fim a Japan bai kama ƙafar na Amurka ba, an daɗe ana kukan tsawon lokacin aiki a masana'antar, ga darajar yen ta faɗi a 2023, wanda ya sa kuɗin suka ƙara ƙanƙancewa idan aka juya su zuwa dala. Duk mai ihun a yi koyi da wannan kasafin, ya sani cewa manyan kamfanoni suna jin sa, kuma abin da za su ɗauka shi ne a rage ma'aikata a matse waɗanda suka rage.

Akwai masu ƙorafin cewa dodon bai cika fitowa ba, surutun mutane ya yi yawa. Waɗannan su nemi fim ɗin Hollywood Godzilla x Kong, an yi musu shi. Akwai kuma masu cewa fim ɗin wanke Japan yake yi tunda bai ambaci ta'asar sojojinta a China da Koriya ba. Ta'asar ta faru, babu mai musu, amma da wuya fim ɗin da ya tsine wa gwamnatin yaƙi ya zama kakakinta. Ana gobe za a fita tunkarar dodon, tsohon injiniyan sojan ruwa Noda ya tsaya gaban mutanensa ya ce ƙasarsu ta wulaƙanta rai, ya lissafo tankokin da ba su da kariya, da sojojin da yunwa da cuta suka kashe, da jiragen da ba a sa musu kujerar tsira ba, wato wadda ke cilla matuƙi waje kafin jirgi ya faɗi. Gwamnati a fim ɗin ɓoye labari ta yi, Amurka ta janye jiki don gudun tsokanar Tarayyar Sobiyet, tsofaffin sojoji da fararen hula ne suka fito da burin kada kowa ya mutu. Makanikin da ya fi kowa tsanar Shikishima shi ne ya nuna masa kujerar tsira a jirginsa, ya ce masa ya rayu.

An taɓa yi wa Godzilla irin wannan fashin. A 1956 da za a kai fim ɗin farko Amurka, aka yanke sassa da dama, aka cusa ɗan wasa Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka rage maganar nukiliya, aka sayar da shi a matsayin fim ɗin dodo na nishaɗi. Sai a 2004 aka zagaya da na asalin a gidajen sinimar Amurka. A wancan karon 'yan kasuwa ne suka riƙe almakashi. Yau ba a yanke komai ba, fim ɗin ya iso cikakke da harshensa, masu kallo ne da kansu suke cire masa ma'ana. A daren da ya ci Oscar, Oppenheimer ne ya lashe kyautar fim mafi kyau, labarin wanda ya jagoranci ƙera bam ɗin. An yi ta muhawara a kan lamirin wanda ya ƙera, su kuma waɗanda aka jefa wa sai aka tambaye su kuɗi nawa suka kashe a fim ɗinsu.

Masu sharhin fim su daina buɗe bayaninsu da kasafin kuɗi. Su fara gaya wa mutane abin da ya faru a Bikini, masu nuna finafinai kuma su ajiye na 1954 kusa da wannan, yadda Honda ya yi shi ba tare da yanka ba.