Kafaɗar da na gyara ba ita ba ce

Kun dai san kafaɗata ta dama ta fi ta hagu sauka, rabin inci cif. Duk rigar da na sa sai wuyanta ya zame gefe guda, yadi ya tattare a hammata. Na ce bana da kaina zan yi maganin abin.

Na zana gaban rigar da bayanta cikakku a takarda, tunda mai jiki irin nawa ba ya ninka yadi ya yanka gefe biyu lokaci guda. Na rage rabin inci a bakin kafaɗar dama, na saukar da ramin hannu daidai haka. Sai dai a bayan yadin na shimfiɗa takardar don alli ya fito, ban kuma kifa ta ba. Gyaran dama ya koma hagu. Gwaji a tsohon zanen gado kuwa? Ina! Sauri nake.

Haka na ɗinka rigar, na zura ta na tafi wani taro. Kafaɗar hagu ta shaƙe ni kamar an ɗaure akuya, ta dama kuma ta yi tozo, iska na shiga.

Ina shiga, mutuniyarku Yayata ta hango ni.

“Ƙanwata, tsaya da kyau mana.”

“A tsaye nake, Yaya.”

“A’a, miƙe sosai.”

Na miƙe. Ta zagayo bayana, ta kama tozon da yatsu biyu ta ɗaga, ta saki, ya koma ya tsaya. Ta sake ɗagawa. Sau uku! Sannan ta ɗaga murya ta ce, “Bayin Allah, faɗuwa ta yi ne, ko haka telan ya tsane ta?” Wata ta ce a ba ta sunan telan don ta kiyaye. Na ce ai ya tashi daga unguwar.

Ita fa wannan Yayar, almakashina na yadi yana wurinta tun bara. Kwali take yankawa da shi, na gani da idona. Ranar da na tambaya cewa ta yi wai ba shi da kaifi. To wa ya dakusar da shi? Tef ɗina ma da ta ara ya dawo babu incin farko.

Rigar tana nan a rataye. Na fara farke ta da reza, na gaji.