Su Suna Shan Sanyin Ofis, Mu Muna Farautar Sabis

Tura ta kai bango, shi ya sa zan yi magana. Ni mai lissafi ne a reshen wani kamfanin sayar da taki da iri a Gusau, hedikwatarmu kuwa tana Legas. Tun lokacin korona a 2020 aka mayar da duk lissafinmu kan Google Sheets, wato shafin lissafi na intanet da kowa ke rubutu a kai a lokaci guda, mitin kuma a Zoom, manhajar taro ta bidiyo.

Tsakani da Allah, abin ya yi mana rana. Da can takarda ɗaya sai ta haifi 'ya'ya goma a imel, kowa da tasa, ba ka san wacce ce ta ƙarshe ba. Yanzu mai kula da sito ya rubuta buhu ɗari uku sun fita, ni ina ganin lambar a take. Ranar da wani abokin aiki ya goge lissafin wata guda bisa kuskure, tarihin gyare-gyaren shafin muka buɗe muka dawo da shi cikin minti biyar. Ba ni da faɗa da manhaja. Faɗana da waɗanda suka mayar da ita bulala ne.

Shekaranjiya ƙarfe tara na dare oga ya kira, wai a shiga shafi yanzu yanzu a rufe lissafin mako. Tun la'asar babu wuta. Kwamfutata saura kashi goma sha biyu, na jona ta da intanet ɗin wayata, na fito tsakar gida na ɗora wayar a kan katanga, don a nan kaɗai sabis yake kamawa. Sauro na cizona, ina shigar da lambobi, can sama rubutu yana nuna yana ƙoƙarin haɗawa. Su a Legas ba su ga ko layi ɗaya ba, sai wani ya zuba nasa ƙiyasin a gurbin da nake cikewa. Da sabis ya dawo jimilla ta hargitse. Da safe wa aka aiko wa takardar tuhuma? Ni! Wai "ba a gan ni a shafi ba".

Haba jama'a! Aiki tare a lokaci guda yana buƙatar kowa ya samu wuta da sabis a lokaci guda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, su kansu na Legas sun ɗanɗana. A Oktobar shekarar aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, galibin Arewa ya yi fiye da mako cikin duhu. A Janairun 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Duk wannan bai sa an ƙara mana ko sisi ba. Data daga albashina, fetur ɗin janareto daga albashina.

Ga mitin mai cinye rai. A ce dole kowa ya kunna kyamara, alhali bidiyo ne ke shanye data. Ko kuɗin Zoom ba su biya ba, na kyauta ake amfani da shi, minti 40 ya yanke, a sake shiga, a sake gaisuwa, maganar da saƙo ɗaya zai wadatar.

Kuma tunda sunanka yana bayyana da zarar ka buɗe shafi, an ɗauka ba ka da lokacin tashi. Ko masallacin Juma'a ka tafi, ka dawo ka tarar da tambaya: ina ka shiga?

Na rubuta musu amsar tuhumar jiya. Na ce su sa mana sola da batir a ofis, su riƙa biyan kuɗin data duk wata, su ware wa kowane reshe gurbin da babu mai taɓa shi, sannan bayan ƙarfe biyar kada a neme ni a shafi. Har yanzu ba su ce uffan ba, amma an turo gayyatar wani mitin, ƙarfe takwas na daren yau.